Tsinken Auduga

Ungozomar ta ajiye takardar sakamakon gwaji a gaban mai tumatir ɗin kasuwar Petit Marché. "Hajiya, an ga ƙwayar da ke kawo sankarar bakin mahaifa."

Wata guda ke nan da matar ta ƙi ƙarfen awon da ake duba bakin mahaifa da shi, ta zaɓi tsinken auduga da mace ke gogawa da kanta a gida.

"To, Madam, ta wace ce a cikinmu?"

"A cikinku?"

"Ai guda kika ba ni. Ina zan hana maƙwabtan rumfa? Mu biyar muka yi da shi, bi da bi."

Ungozomar ta jawo faranti, ta jera ƙarafan awo biyar masu sanyi.

"Je ki kira su."