Mayaƙan Yumɓun Sabo Marini

"Gumaka a tsakiyar Yakasai!" Malam Isyaku, limamin unguwa, ya daka tsawa a zauren Sabo marini.

Mayaƙan yumɓu ne jere a kan tabarma, kowanne bai fi ɗan yatsa ba: maharba, masu garkuwa, da wani dodo mai kai uku. Shekara bakwai Sabo yana shafa musu launi da gashin kaza in ya taso daga karofi.

"Allah gafarta Malam, ɗebe kewa ne kawai. Mayaƙan zamanin da ne."

"Mala'iku ba sa shiga gidan da ke da waɗannan!" Malam ya kwashe su tas a buhu. "Yau a rafin Jakara za su kwana."

Sati biyu Sabo bai ci abincin kirki ba. Daga baya ya daure ya tafi gidan Malam don ya tuba. Ya yi sallama, shiru. Ya leƙa soron ciki.

Ga Malam ruf da ciki, tabarau a karan hanci, alƙalamin zayyana a hannu, rundunar nan jere a kan allo. Dodon har ya samu sababbin haƙora.

Malam bai ko ƙifta ido ba.

"Sabo, kai wane irin marini ne? Wa ya ce maka maharbi yana shiga daji da jar riga?" Ya miƙa masa ƙoƙo. "Samo min shuni. Kuma ka biyo ta ƙofar baya, gobe ina da wa'azi a kan gumaka."