Maƙeri da Tulun Furanni

Gyara zama, ɗan'uwa, in ba ka misali. A wani gari da na taɓa sauka, ban tuna ko a ƙasar Zazzau ne ko can wajen Bauci, an yi wani maƙeri da matarsa, sun tsufa tare. Ita matar Allah ya ɗora mata son fure. A bayan ɗakinta ta dasa lalle da wardi, takan yanko 'yan rassa da safe ta jera su a wani ɗan tulu a bakin taga, dogaye a tsakiya, gajeru a gefe. Shi kuwa bai taɓa tsayawa ya ga yadda take yi ba, ƙamshi kawai yake tararwa in ya dawo daga maƙera. Wata safiya ta yanko reshen lalle mai fure, ta sa a tulu, ta ce jiri take ji, ta kwanta. Kwanciyar da ba ta tashi ba ke nan.

Ciwo ya ci ƙarfinta, ido ya dushe, hanci kaɗai ya rage mata. Sai maƙeri ya ƙudura a ransa cewa ɗakin nan ba zai rabu da fure ba muddin tana numfashi. Yakan karyo rassa da hannu, ya cusa su a tulu har da ganyensu. In sun yi yaushi ya zare ya kawo sababbi. Amma reshen nan da ta yanka da hannunta, ya kasa fitar da shi. A maƙera ba a yar da tsohon ƙarfe, haɗa shi ake yi da sabo, don haka ya bar shi a tsakiya, sababbi suna kewaye da shi. Ruwa ma ƙari yake yi a kan na jiya, kamar yadda yake yi wa ruwan da yake tsoma jan ƙarfe a ciki. Tulu kuma na yumɓu ne, ba ya nuna abin da ke cikinsa.

Ba a daɗe ba furanni suka riƙa sunkuyar da kai tun kafin su kwana, wani wari mai nauyi ya zauna a ɗakin. Matar nan mace ce mai tsabta, wadda ko warin hayaƙi ba a taɓa ji a zanenta ba. Da ta ji warin, sai ta ɗauka jikinta ne ya fara lalacewa tun tana da rai. Kunya ta kama ta. Ta juya fuska bango, duk wanda ya yi sallama sai ta ce, "Maigida, ka ce musu ina barci." 'Yan'uwa suka zo daga nesa dubiya, suka gaji da zaman tsakar gida suka koma. Yayarta ce kaɗai ta ƙi tafiya. Sun yi shekaru ba sa magana a kan wata ɓatawa, ta zo ne don su yafi juna, ta shimfiɗa tabarma a gindin bango tana jira. Maƙeri ya ga kwana yana ƙarewa, ga ƙofa a rufe. Shi ma a ransa ya yarda daga jikinta warin yake, sai dai bai faɗa ba. Ya wanke shimfiɗa, ya kunna turaren wuta, ya ƙaro furanni don su danne warin, wari sai gaba yake yi.

Wata rana da hantsi ya ɗauke tulun don ya buɗe mata taga sosai, ya fita da shi tsakar gida. Warin ya biyo shi. Ya tsaya, ya karkata tulun, sai ga baƙin ruwa mai yauƙi, da ruɓaɓɓen ganye, da reshen nan nata, gindinsa ya yi laushi yana narkewa a hannu. Ya daɗe a tsaye yana kallonsa. Sannan ya tona rami a gindin lallen ya binne shi. Ya cuɗe tulu da toka da yashi, ya shanya shi a rana, ya ɗebo sabon ruwan rijiya. A nan ne ya tuna da ɗan tarin ganyen da takan share a ƙarƙashin taga kowace safiya, ya gane dalilinsa. Ya wasa wuƙa, ya yanko rassa kaɗan, ya tsige duk ganyen da zai taɓa ruwa, ya fiƙe gindin kowanne, ya jera su da sarari a tsakaninsu, ya mayar bakin taga.

Zuwa la'asar iska ta wanke ɗakin. Matar ta juyo da fuskarta a hankali, ta ja numfashi, ta ce, "Lalle nake ji." Ya gaya mata abin da ya samu a tulu, bai rage komai ba. Sai ta ce, "To, a ce wa Yaya ta shigo." Suka yafi juna a yammacin nan. Bayan 'yan kwanaki ta cika, yayarta na riƙe da hannunta. Waɗanda suka riga suka koma gida kuwa, sai ta'aziyya ce ta dawo da su.

Saboda haka, ɗan'uwa, in zaman gidanka ya gurɓace, kafin ka ɗora wa wani laifi ko ka ƙaro turare, leƙa ka ga abin da kai da kanka ka ƙi fitarwa don kana sonsa. Magabata sun ce, ruwa ba ya tsami banza.