Sunana da Nasa a Jarida

Har yau ina jin ƙamshin sitacin rigar cocin da na saka ranar nan, a garinmu da ke jihar Misisipi, cikin 1963. Mu goma sha ɗaya ne baƙaƙen fata a layi gaban kotu, muna jiran rajistar zaɓe. Sai ga saurayina Cleophus, hula a hannu.

"Ke Odessa, fito daga layin nan."

"In je ina?"

Ya zaro tikitin jirgin ƙasa guda biyu. "Chicago. A ɗaura mana aure ran Asabar, mu bar wa fararen fata garinsu."

"Garinsu? A nan aka binne kakata."

"Kin san duk wanda ya nemi rajista sai sun buga sunansa a jarida har mako biyu. Kafin Litinin sun raba ki da aikin koyarwa."

"Na sani."

Ya dube ni, ya dubi ɗan sandan da ke ɗaukar hotonmu. Na kau da kai don kada ya ga hawayena, na ɗauka ma ya tafi. Can sai na ji muryarsa a bayana.

"Taurin kanki zai kashe ni. Matsa gaba mana. In za su buga sunanki, su buga nawa a ƙarƙashinsa."

Ni da shi duka aka kayar da mu a jarrabawar da ake yi wa masu neman rajista, duka aka kore mu daga aiki. Bara mijina Cleophus ya rasu. Guntun jaridar da aka buga sunayenmu yana cikin Littafina Mai Tsarki, don shi kaɗai ne katin bikin da muka samu.