Iskar da Ke Bayan Mai Keke

Zauna, ɗana, in ba ka wani misali. Na ga tun da maigidanka ya hau kujera tafiyarka ta canja, har ka fara cewa hannunka ne ke da albarka. Ban musa maka ba, amma saurara.

An yi wani ɗan wasa a garin nan, irin waɗanda ke haɗa wasa uku a rana guda: su yi iyo, su fito su hau keke, su sauka su zura da gudu. Namiji ne, ba a ƙwace masa wannan. Sai dai shekaru sun fara taɓa shi, gwiwarsa ta dama ta soma ƙorafi, shi ma ya san wannan shekarar ce ta ƙarshe. Ana nan aka ce za a zaɓi mutum ɗaya tak da zai wakilci jiha a tseren keke, kuma da agogo za a yi zaɓen. Wannan tsere ba a tashi a gungu. Ɗaya bayan ɗaya ake sakin mahaya, ba a yarda wani ya laɓe a bayan wani ba, kowa ya je wata gada can bayan gari ya juyo, wanda agogo ya ce ya fi sauri shi ke da gurbin. Tsohon da ya koya masa hawa tun yana saurayi, ciwo ya kwantar da shi, amma ranar ya sa aka kawo shi bakin hanya aka ajiye masa kujera. Da za a saki ɗan wasan, tsohon ya nuna masa ciyawar gefen titi da sandarsa, ya ce, "Dubi inda ta kwanta. Ka rage wani abu a ƙafarka saboda dawowa." Ya ce to, amma irin to ɗin da ake ce wa tsofaffi.

Aka sake shi. Tun bai yi nisa ba ya ji keken ya yi masa sauƙi kamar ba shi yake tuƙawa ba. Ya ƙara wa keken giya mai nauyi, ƙafa ta ɗauka. Ya ƙara wata, ta ɗauka. Abin da ya ruɗe shi shi ne shiru, domin mai tafiya tare da iska ba ya jin ta: ba ta kaɗa masa riga, ba ta yi masa kuka a kunne, tura shi kawai take yi. Ya cim ma wanda aka saki kafin shi, ya wuce. Ya hango na gaba, shi ma ya wuce shi, har ya waiwaya ya ga mutumin yana tuƙi a hankali kamar mai zuwa cefane, ya yi masa dariya a zuci. Ya ce wa ransa ashe ƙarya gwiwa take yi, ashe bai taɓa ƙarfi irin na yau ba. Gorar ruwansa na nan maƙale a jikin keke, ko kallonta bai yi ba. Duk abin da ke cinyarsa ya zuba shi a hanyar zuwa, bai rage ko na ɗanɗano ba.

Da ya kai gada ya juya, sai ga iska a gabansa. Ita ce dai, wadda ta rako shi, ba a canjo wata ba. Ta daki ƙirjinsa, ta cika masa baki, keken da ɗazu yake tashi ya koma kamar an ɗaura masa buhun gero. Ya sauke giya, ya sake saukewa, har ba sauran abin saukewa. Maƙogwaro ya bushe, ya jawo gora ya sha, amma ruwan ya makara. Can jijiyar cinya ta ɗaure, gwiwar nan da ya ƙaryata ta tashi da nata. Mai zuwa cefanen nan ya zo ya wuce shi, kansa a sunkuye, ƙafarsa na juyawa yadda take tun farko, bai ko dube shi ba. Wallahi abin tausayi ne, mutum yana ganin garinsu a gabansa, yana tuƙi da iyakar ransa, garin ya ƙi matsowa.

Bai sauka ba, wannan kam a ba shi. Ya iso, amma kafin ya iso an riga an san mai gurbi, mutane har sun fara watsewa. Tsohon ne kawai bai motsa daga kujerarsa ba. Ɗan wasan ya jingine keke, ya durƙusa a gabansa yana haki, hawaye na bin gumi, ya ce, "Baba, wallahi ban ji ta ba." Tsohon ya ɗora masa hannu a ka, ya ce, "Na sani. Ta baya ba a jin ta." Shekarar ba ta zagayo ba tsohon ya rasu, shi kuma bai sake tsayawa a layin tsere ba.

To, ɗana, kai ma yanzu shiru kake ji, komai ka taɓa yana tafiya. Ban ce ba ka da ƙafa ba. Amma akwai gada a gaba, kuma kowa sai ya juyo. Hausawa suka ce, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.