Ƙusar Mai Injin Niƙa

Da na dawo gida bayan shekarun da na yi a waje, na tarar an sare ɗorawar ƙofar gidanmu an kafa shagon cajin waya a gurbinta. Rijiyar unguwa ta zama bohol. Waɗanda na bari da majina sun tsayar da gemu, suna ce mini Alhaji alhali ko filin jirgin Jidda ban taɓa takawa ba. Akuyar Inna ta mutu, jikarta ce ke cin takalman baƙi yanzu. Abu biyu ne ba su motsa ba: wutar lantarki, wadda har yau take zuwa ba sallama ta tafi ba sallama, da Kawu Jatau a kan buzunsa.

Ni ma'aikacin lantarki ne a wata tashar nukiliya a can, irin wadda ke ba birane wuta. Abin da ya dawo da ni kuwa, ranar gwaji wani makunni ya cije, janareton ko-ta-kwana ya ƙi tashi. Ba abin da ya ƙone, ko kyankyaso bai mutu ba, amma hukumar da ke sa ido a kanmu ta tsayar da tashar ɗungurungum aka sallame mu hutu. Yanzu sun aiko mu koma mu kwance kowane makunni mu gwada, sufeto na tsaye yana numfashi a wuyanmu. Na ce wa Kawu ba zan koma ba. Shagon gyara zan buɗe a nan, inda mutum zai murɗa waya ya wuce, ba mai tambayarsa.

Kawu ya gyara zama ya ce, "Sagiru, zauna. Ƙafarka tun kana ƙarami ƙaiƙayi take yi. Ka ji wannan, sannan ka buɗe shagon."

Ya ce an yi wani mai injin niƙa a wani gari. A jikin bangon rumfarsa akwai fiyus, ɗan siririn abu da ke ƙonewa ya yanke wuta duk lokacin da inji ya ji nauyi. Mutumin ya tsani abin nan. Ana cikin niƙa, mata sun yi layi, sai ya ji ɗas, komai ya tsaya. Wata rana ya fusata ya zaro ƙusa daga ƙyauren ƙofa ya cusa a gurbin fiyus. Ai kuwa inji ya yi ta ruri kamar an ba shi gado. Sai dai akwai mai duba wuta da kan zagayo ranar kasuwa. Don haka mutumin ya sayi sabon fiyus ya ajiye a naɗin hularsa. Da ya jiyo ƙarar babur, sai ya kashe inji, ya zare ƙusa, ya maƙala fiyus, ya fito yana washe baki. Mai duba wuta ya duba ya ga abu fes yana ƙyalli, har yakan ba da misali da shi a wasu garuruwan, wai ga mutumin da fiyus ɗinsa bai taɓa ƙonewa ba. Gaskiya ya faɗa. Yaya za a yi ya ƙone a kan mutum?

Ana nan sai jajiberin Sallah, robobin niƙa sun kai har bakin titi. Wata ta manta cokali a cikin jiƙaƙƙen wakenta, ya bi ƙullu ya shige haƙoran inji ya cije. Da fiyus ne, da ya ba da ransa an ciro cokali an ci gaba. Amma ƙusa jaruma ce, ba ta san ja da baya ba. Inji ya yi gurnani, ya yi wari, ya yi hayaƙi. Wuta ta kama rumfa, ta bi waya ta haye fal ɗin lantarki, taransifomar gari ta yi tari ɗaya ta yi shiru. Mutumin ya fito a guje hula ta faɗi, sabon fiyus ya gangara ya tsaya daidai ƙafar mai duba wuta, wanda ya kawo niƙan matarsa. A shekarar nan da turmi aka yi Sallah, kuma matan garin ba su kai ƙara ko'ina ba. Taɓarya suka miƙa masa, ya bi gida gida yana daka har hannunsa ya yi kanta. Da aka tona toka, abu ɗaya aka samu lafiya lau: ƙusar.

Na yi dariya har da ƙwalla. Kawu bai yi ba. Ya ce, "To shi wake ya ƙona. Kai naku injin in ya yi tari, Sallah nawa za a yi da turmi?"

Na san abin da janareton nan ke tsare da shi: ruwan da ke sanyaya cikin tashar in wuta ta ɗauke.

Washegari da hantsi ina ɗaki ina tura kaya a jaka zan koma aiki, Inna na mitar ko miyarta ban gama sabawa da ita ba, sai ga Kawu ya ɗaga labule. Ya ajiye wata tsohuwar ƙusa mai tsatsa a kan rigunana.

"Tsaraba," in ji shi. "Ranar da sufeto ya ishe ka, ka ciro ka kalla. Shi ma kamar fiyus ɗin nan ne, ba abin da yake faɗa kullum sai bari. Kuma ka san abin da Hausawa suka ce: wanda bai ji bari ba, ya ji hoho."