Macizan Dandin Mahe

Dakta Bahijja ta danna bakin kumurci na bakwai a kan kwalba. Ko ɗigo bai fito ba.

Shekara sha biyar tana binciken yadda dafi ke kama jijiya ya shanye jiki, ba ta taɓa ganin haka ba. Macizai marasa dafi! Nan take ta kira abokan aikinta na jami'a: "Ku taho da kyamara, yau sunana zai zaga duniya."

Sai ga Arzika, gardin da ya kamo su, yana washe baki.

"Ranki shi daɗe, matsa babu tsoro. Tun da safe munka tatse dahinsu tas, munka zubar. Mu nan ba mu yarda maciji shi sari baƙo."