Namijin Ƙarshe a Zuriyar Crowgill

Tun da aka kafa Ingila ba a taɓa zaluntar bawan Allah kamar yadda aka zalunci Aubrey Crowgill ba, in dai shi ka tambaya. Mutum yana zaman zamansa, wanzami mai kujera uku a Harrogate, gashin baki a murɗe, sunansa da ruwan zinare a saman ƙofa, sai wata tsohuwa ta mai da shagonsa falonta. Ba aski ya kawo ta ba. Ta zauna kan bencin jira, ta shanye masa shayi, ta cinye biskit ɗin da yake ɓoye wa manyan baƙi, ta zuba masa ido har a tashi.

Wai duk don ya yi 'yar hira da jaridar gari. Laifi ne mutum ya san asalinsa? Abin da yake gaya wa duk wanda ya shiga hannunsa da kumfa a haɓa, shi ya gaya musu. Crowgill sunan wani kwazazzabo ne can cikin tsaunukan arewa, ma'anarsa kwazazzabon hankaki. Makiyayan tumakin da suka zauna a bakinsa aka laƙaba wa. Annoba da yaƙi da haihuwar 'ya'ya mata suka yi ta zaftare su, har ya zama duk faɗin ƙasar ba namijin da ke amsa sunan sai shi. Aka buga har da hotonsa, ta ɓangaren fuskar da ya fi kyau.

Jaridar ba ta gama yawo ba tsohuwar ta bayyana, cikin baƙin kwat mai warin danshi.

"Muriel Crowgill," in ji ta. "Ni aure ya ba ni sunan. Kai fa, ɗan nan, wa ya ba ka?"

"Haba Iya, wa ke ba mutum suna in ba ubansa ba?"

"Haka dai ake cewa."

In ta tambayi iyaye, ya ce a gidan marayu ya tashi. In ta tambayi wane gidan, ya ce tuni aka rushe shi, ya kawo labarin ban dariya. Ba ta dariya. Rannan yana tsakar yi wa wani direban bas gyaran fuska, ta ce daga bayansa, "Watan Maris aka haife ka. An yi dusar ƙanƙara a ranar, har motar ungozoma ta kafe a hanya." Aska ta zame ta ɗan tsaga kunnen direba. Bai gaya wa jarida watan haihuwarsa ba.

Ya ƙudura gobe zai kore ta. Sai goben ta zo da maganar gida.

"Akwai gidan gona a bakin kwazazzabon, da filin kiwo har gindin dutse. Marigayi mijina ya ce kada ya fita daga sunan. Na ɗauka ba sauran namiji."

Daga ranar Iya ta zama Gwaggo, biskit ya fito daga maɓoya da kansa. Wata murya a cikinsa tana cewa kada ka je wurin nan. Ya amsa mata da cewa mai irin gashin bakinsa ai da gidan gona ya dace, ba da ɗakin haya a saman shago ba.

Ran Lahadi ya ɗauke ta a motarsa. Sama ta yi baƙi, hanya ta yi ta tsukewa tsakanin katangun duwatsu. Tsohuwa ta ɗora jaka a cinya, ba ta ce dama ba, ba ta ce hagu ba. A wata mararraba da iska ta kayar da allon hanya, Aubrey ya karya hagu.

"Ka taɓa zuwa ne?"

"Jini ne, Gwaggo. Jini ke ja."

"Lalle yana ja."

Da suka shiga ƙauyen ta ce ya tsaya bakin coci. "Ba a shiga gida ba a gaida masu shi ba." Wasu maza biyu masu dogayen kwat suna tsaye a ƙofar maƙabarta. Ya yi musu irin gaisuwar da yake yi wa manyan baƙi. Shi da tsohuwa suna wucewa, ɗaya daga cikin mazan ya ja ƙofar ƙarfen ya saka sakata.

Ta bi da shi layin kaburbura tana nunawa da sanda. Ga surukinta. Ga wanda ya tafi yaƙi aka dawo da hularsa kawai. Ga mijinta. Aubrey yana gyaɗa kai, yana cire hula, yana mayarwa. Sai satar kallon kusurwar katanga yake, yana roƙon Allah kada ta nufi can.

Can ta nufa. Wani ɗan ƙaramin dutse ne, tsawonsa bai kai gwiwa ba. An kankare gansakukar da ke kansa tas, an ajiye furanni sababbi. Sunan da ke saman ƙofar shagonsa ne a jiki, harafi da harafi, da ranar haihuwar da ke cikin fasfonsa.

"Gaida shi mana," in ji ta. "Ni na haife shi. Ko haƙori bai yi ba na kawo shi nan."

Takun mazan nan biyu ya taso a kan tsakuwa, ba gaggawa.

Aubrey ya buɗe baki zai ce an zalunce shi, amma wa zai kai ƙara? Can baya yana saurayi, 'yan sandan birnin Liverpool na nemansa ruwa a jallo, shi da kansa ya tsuguna a wannan kusurwa yana neman sunan mataccen jaririn da zai je ya karɓi takardar haihuwa da shi, ya tsallake sunayen gama-gari irin su Smith da Brown da ba mai waiwayarsu har abada, ya zaɓi wannan don ya ga zai fi kyau da ruwan zinare.